Komawar Rabi: haƙuri ne ko fin ƙarfi aka yi mata?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Hutun yara ya ba ni ɗan sarari, na sake ɗauko Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Karon farko ina aji uku a sakandare na karanta shi. Haya muka karɓo wajen wata mata a layinmu, mu huɗu muka yi ta karɓa-karɓa har bangon ya cire. A lokacin Saudatu, 'yar Rabi, kawai nake bi, ina ɗokin ganin yadda aurenta da Alhaji Abubakar zai kasance. Yanzu da nake shekara 14 a ɗakin miji da yara biyar, wallahi ko ta kan Saudatu ban bi ba. Rabi ce ta hana ni barci.

Ga wanda bai karanta ba: Rabi matar Alhaji Abdu ce, 'ya'yansu tara. Ɗan kasuwa ne mai hali, amma abin da yake bari na cefane ba ya kai gidan ko'ina, ita take cikawa da abin hannunta. Kuɗin da ya hana gida a waje yake kashe su. Ƙarshe ya auro Delu, macen da ta daɗe a bariki, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran da ci da sha da makaranta. Sai duniya ta juya wa Alhaji baya, gobara ta cinye masa shago, Delu ta nuna masa ainihin halinta, ya dawo yana neman a mayar da aure. Rabi ba ta so. Maza suka taru a kanta, har da surukinta mijin Saudatu, ta koma.

Tun muna 'yan mata abin da ake ce mana shi ne, ga mace tagari nan, ta yi haƙuri ta ga riba. Ni yanzu ban yarda a wannan komawar halinta ya fito ba. A wurina halin Rabi yana tsakanin ranar da aka kore ta da ranar da aka taru a kanta. A nan ne ba miji, ba mai sa ta, ba mai hana ta, kuma abin da ta zaɓa shi ne ta tsaya gaban murhu saboda yaranta. Komawar kuwa wasu ne suka yanke. Ta yaya za a auna mutum da hukuncin da ba shi ya yanke ba? Ina son jin ra'ayinku, musamman iyayenmu da ke cikin gidan nan.

Ummu Sadik:
Wa alaikumus salam. Anti kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ranar da na gama littafin nan jefar da shi na yi kan gado don haushi. Mutum ya wulaƙanta ki lokacin da yake da shi, sai da ya tsiyace ya tuna kina da amfani, kuma a ce ke za ki ciyar da shi? Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Yaya Auwalu:
Salam. Ku bari namiji ya sa baki. Ni ba na kare Alhaji Abdu, duk wanda ya san kasuwa ya san irinsa. A rumfa shi ne mai sayen tsire da lemo ya raba wa jama'a, a gida kuwa sai an yi rigima kafin ya sayi sabulu. Muna ganinsu kullum. Amma Maman Hanifa, cewa da kika yi komawar ba zaɓinta ba ce, nan na rabu da ke. Macen da ta iya riƙe yara tara da tukunya, kina ganin akwai namijin da zai iya ɗaukarta cak ya mayar da ita inda ba ta so? In ta kafe ta kafe. Ta duba ne ta ga uban 'ya'yanta ya zama abin nuni, kuma abin kunyarsa a kan yaranta zai ƙare. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni a nan na ga girmanta, don a lokacin ita ke da ƙarfi, tana iya ramawa, ba ta rama ba.

'Yar Gwammaja:
Yaya Auwalu, da girmanka, amma wannan maganar ita ce ake kashe mata da ita. "In ta kafe ta kafe." Ta kafe a gaban wa? Ka duba su waye suka zo mata. Ba baƙi ba ne. Har da mijin 'yarta, mutumin da auren Saudatu yake hannunsa, mutumin da ya yi musu alheri lokacin da suke cikin wahala. In ta ce a'a, gobe da wane ido 'yarta za ta kalli mijinta? Wannan ba roƙo ba ne, igiya ce aka sa mata, ko da ta alharini ce. Kuma hannun da kake cewa ba a yankewa, ai shi ya fara yanke nasa ya yar, har guda goma, ita da yara tara. Lokacin ina masu karin maganar suke?

Hajiya Babba:
'Ya'yana sannunku. Jikata ce take karanto mini ina faɗa tana rubutawa. Na girme wa littafin nan nesa ba kusa ba, lokacin da ya fito a 1990 na riga na aurar da 'yata ta fari.

Ku yaran yanzu kuna jin kalmar haƙuri kamar zagi. Mu kuma da aka ce mana haƙuri, ba wai ki zama tabarma a taka ki ba ne. Akwai haƙurin wadda ba ta da yadda za ta yi, akwai haƙurin wadda ta san abin da take tsarewa. Na farkon wahala ce kawai, Allah ya ba da lada. Na biyun shi ne hali. Rabi kafin a kore ta, na farkon take yi. Ana ba ta abin da bai isa ba, tana rufa asiri, maƙwabta ba su san me ake ciki ba. Bayan an kore ta ne ta gane hannunta zai iya ciyar da gida. To macen da ta gane wannan, ko ta koma, ba ita ce wadda ta fita ba. Ɗakin ne ɗaya, matar ta canza.

Na ga wannan da idona a gidanmu. Yayar mahaifiyata ta yi zawarci shekara shida tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da aka mayar da aurenta, mijin da a da in ya yi gyaran murya a zaure kowa sai ya nutsu, ya zama sai ya yi sallama sau biyu kafin ya ɗaga labulenta. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa goranta masa ba. Amma kowa a gidan ya san daga ɗakin wa hatsi yake fitowa.

Sai dai 'Yar Gwammaja, ba zan ce kin yi ƙarya ba. An matsa mata. A zamaninmu in manya suka zauna a zaure, mace daga bayan ƙyaure take jin abin da aka yanke a kanta.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Ban karanta littafin ba, iyalina ce ta ba ni labarinsa, don haka ba zan yi magana a kan abin da marubuciya ta nufa ba. Amma tunda ana ta ambaton haƙuri kamar shi ne dukkan addini, bari in faɗi abin da yake a littattafan da muke karantarwa a zaure.

Korar mace daga ɗakinta ranar da aka sake ta saɓo ne. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da su daga gidajensu a cikin idda. Mu nan an mayar da shi al'ada, takarda a hannu, kaya a ka. Ciyar da 'ya'ya da tufatar da su yana kan uba, ko uwarsu tana gidan ko ba ta nan. Riƙon yara kuma, a Risala ta Ibn Abi Zaid wadda kowane almajiri ya sani, uwa ce ta fi cancanta bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. To kun ga wahalar da wannan baiwar Allah ta sha tana ciyar da yara tara, nauyin wani ta ɗauka. Sadaka ce ta yi, ba wajibinta ba ne.

Batun mayar da aure kuwa, in idda ta ƙare, miji ba shi da wani iko. Sabon ɗaurin aure ne, da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma bazawara ba a aurar da ita sai ta furta yardarta da bakinta. Dangi suna iya ba da shawara, sulhu alheri ne. Amma in shawara ta kai inda mace ta ce to alhali zuciyarta tana cewa a'a don tsoron abin da zai biyo baya, waɗanda suka taru su binciki kansu.

Maman Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, na gode ƙwarai. Ka ga abin da yake damuna ke nan. Duk haƙƙoƙin nan da ka lissafa, ba wanda ya tara maza a kan Alhaji Abdu ya tilasta masa ya sauke su har aka ga sakamako. Taron da ya yi tasiri shi ne wanda aka yi a kanta.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki ta shige ni, wannan ta cewa ɗakin ne ɗaya matar ta canza. Amma ai kin ƙarfafa tawa ne. In har abin da ya sa komawar ta zama da mutunci shi ne sana'ar da ta yi a tsakani, to sana'ar ce ma'aunin, ba komawar ba.

Binta Maraɗi:
Sallama gare ku daga Maraɗi. Mu ma nan mun karanta shi, 'yan kasuwa masu bin hanyar Jibiya da Ɗan Isa su ka kawo muna littattafan Kano tun muna lakwal. Abin da Hajiya ta faɗi shi na gani wajen uwayenmu. Nan ƙasar Maraɗi anka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, mata su taru duk mako su zuba ɗan abin da sunka samu cikin akwati, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta maido. Innata tana ciki. Na san mata da yawa da sunka yi zawarci da kuɗin akwatin nan sunka riƙe ɗiyansu, wasu sunka koma gidan mazansu, wasu sunka ƙiya. Kuma wallahi ba a ce waɗanda sunka koma sun fi waɗanda sunka ƙiya kirki ba. Kowa ya san halin kowace tun wajen zubi: wadda ba ta latti, wadda ba ta cin amana, wadda in ta samu jika guda ɗiyanta za ta fara tunawa. Shi ya sa nike bayan Maman Hanifa. Da Rabi ta ƙiya, da ita ɗin ce dai.

Abban Jami'a:
Iyaye da yayye, ku ba ƙaraminku dama. Na yi aikin aji a kan marubuciyar, kuma ina ganin in an san ita wace ce, ƙarshen littafin zai fi fitowa. Hajiya Balaraba ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ce, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta tana ƙaramar yarinya a yi mata aure ba, auren kuma bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ta koma karatu ta ajin yaƙi da jahilci. Littafinta na farko Budurwar Zuciya ya fito a 1987, kuma tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino.

Abin lura shi ne, a 1990 ɗin da ta fitar da labarin Rabi, ta kuma fitar da Wa Zai Auri Jahila? A can Abu ce, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aura wa dattijo Sarkin Noma, ta ƙi zama, ta gudu birni ta yi karatu ta zama wani abu. Hannu ɗaya ne ya rubuta yarinyar da ta gudu da uwar da ta koma. To ba za a ce matar da ta rubuta Abu ba ta san mace tana iya cewa a'a ba. Ni a fahimtata, ba ta mayar da Rabi don ta ce mana wannan ne daidai ba. Ta mayar da ita ne don haka ake yi, kuma ta bar mu da ɗacin a baki da gangan. Abu ba ta da ɗa ko ɗaya lokacin da ta gudu. Rabi tana da tara, ɗaya tana gidan miji. Nauyin ƙafarsu ba ɗaya ba ne.

A 2012 wani kamfanin ɗab'i a birnin Chennai na Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi, mutanen da ba su taɓa taka Kano ba suna karanta labarin cefanen Rabi. Mu kuwa a nan, a 2007 tara irin littattafan nan aka yi aka cinna musu wuta ana cewa suna ɓata tarbiyya. Duk lokacin da na tuna sai in ce anya masu ƙonawar sun taɓa zama sun karanta irin wannan?

'Yar Gwammaja:
Abba ka kawo abin da ban taɓa haɗawa ba, na gode. Amma akwai wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ya shafi ita Rabin. Saudatu. An nuna ta yarinya mai kunya, mai tarbiyya, mai karatu, sai ladan duk wannan ya zama Alhaji mai kuɗi wanda ya riga ya saba da aure. Wato gidan da wani Alhaji ya rusa, wani Alhajin ne ya zo ya tallafe shi. In da mai shayi ne ya zo neman Saudatu fa? Ina tsoron abin da yarinya 'yar shekara 15 za ta ɗauka a nan shi ne, ki yi ladabi mai mota zai zo.

Hajiya Babba:
'Yata, ki sake dubawa. Tarbiyyar da Alhajin ya gani ya yaba, wa ya yi ta? Uban da yake yawonsa? Yarinyar da ta tashi tana ganin uwarta tana rufa asirin gida da abin da bai taka kara ya karya ba. In kina son sanin halin mace, kada ki tambayi mijinta, ki dubi 'yarta ta fari. Saudatu shaidar Rabi ce. Batun mai kuɗi kuma, na yarda da ke, masu littafi suna son mota. Amma uwar da ta ga yunwa a idon yaranta, kada ki zarge ta in ta yi murna 'yarta ta samu inda za ta ci ta ƙoshi.

Ummu Sadik:
Ni kuma Delu nake so a ɗan taɓa. Kada ku ce ina kare ta, abin da ta yi ba kyau. Amma mu mata in muna karanta littafin nan duk fushinmu a kanta yake sauka, kamar ita ta ɗaura wa kanta auren. Wa ya je ya same ta inda take? Wa ya kai sadaki? Tun kafin ta shigo gidan ai yaran suna cikin rashi. Na zauna da kishiya shekara bakwai, na san yadda abin yake. Ranar da maigida ya yi adalci, ni da ita har kitso muke yi wa juna. Ranar da ya karkata, ko gaisuwa sai ta gagara. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma ban ga laifin Rabi ba da ta kasa haɗiye komai ta yi shiru. Mace tagari ba dutse ba ce, tana da zuciya, tana fushi. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na yarda da ita a matsayin mutum.

Yaya Auwalu:
'Yar Gwammaja kin ba ni amsa mai zafi, kuma na karɓa, batun suruki ban duba ta nan ba. Amma bari in gaya muku abin da ya sa na tsaya inda na tsaya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ina cikin waɗanda suka wayi gari ba su da ko allura. Na tsaya ina kallon hayaƙi, makullin shago yana aljihuna, ba shagon. Wata takwas matata ce take ciyar da mu da ɗinki da kuɗin adashinta. Ban taɓa korar ta ba, alhamdu lillahi, amma ba zan ce ban taɓa ƙuntata mata a cefane ba lokacin da nake da shi. Wata rana da daddare na ji ƙarar keken ɗinkinta har ƙarfe ɗaya, na tashi zaune na kasa komawa barci don kunya. Ba ta ce mini komai ba, har yau ba ta ce ba. Shi ya sa in na ji labarin namijin da ya faɗi matarsa ta ɗaga shi, ba na iya ganin abin a matsayin an cuce ta kawai. Na san abin da yake yi wa namiji a ciki. Ni ya gyara ni.

Maman Hanifa:
Allah ya mayar da alheri Yaya, Allah ya saka wa Anti da aljanna. Amma ka ga bambancin: ita tana ɗakinta da mutuncinta ta zaɓi ta taimake ka, ba wanda ya tara mata mutane. Kuma ka ce ya gyara ka. To ita Rabi gyaran Alhaji Abdu ne aikinta a duniya? Abin da nake gudu ke nan, a mayar da rayuwar mace makarantar da namiji zai koyi hankali a ciki.

Jummai 'Yar Mai Tuwo:
Tun jiya nake karanta ku ban sa baki ba, don abin ya yi kusa da ni da yawa. Sunan da kuke gani a nan ba na wasa ba ne. Mahaifiyata tuwo ta sayar a bakin tasha shekara tara.

Ina da shekara 8 mahaifinmu ya sake ta, mu shida. Muka koma gidan kawunmu, ɗaki ɗaya, rabin ɗakin buhunan masara ne na matar gidan. Wata uku ana ba mu abinci ana ƙirga lomarmu, sai Umma ta sayar da 'yan kunnenta da tukwanen garanta biyu, ta sayi babbar tukunya da itace. Ƙarfe huɗu na asuba take tashi. Ni ce mai kai niƙa kafin in tafi makaranta, yayata mai wanke-wanke. Har yau in na rufe ido ina ganin hannunta, duk ya tsattsage saboda ruwa da toka, in za ta shafa mana mai sai mu ji kamar soso. Kuɗin ciniki a gwangwanin madara take zubawa, da daddare ta zazzage a kan zani ta kasa uku: na kayan miya na gobe, na makarantarmu, na adashi. In ciniki bai yi ba, na bakinta take cirewa, ba ta taɓa taɓa kason makaranta ba. Direbobi da 'yan kamasho sun nemi aurenta ba sau ɗaya ba. Wani ma da gaske yake, mutumin kirki, amma ya ce yara biyu kawai zai iya riƙewa. Ta ce masa ya je Allah ya haɗa shi da rabonsa.

Kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa bari mun zagi mahaifinmu ba. Duk sallah sai ta yi mana wanka ta tura mu mu gaishe shi, ko da za mu dawo hannu wofi, kuma sau da yawa haka muke dawowa.

Da aikinsa ya ƙare, matar da ya aura ta tafi, sai ga shi da 'yan'uwansa. Ina labe a soro ranar. Kawunmu ya ce mata, ga babbar 'yarki an fara zuwa tambaya, dangin yaron suna cewa a ina za a kai kayan sa rana, gidan uba ko gidan kawu? Wannan maganar ce ta karya ta. Ta koma. Ta yi jinyarsa shekara huɗu har ya rasu a hannunta.

To ni in aka tambaye ni, Yaya Auwalu yana da gaskiya, 'Yar Gwammaja tana da gaskiya. An matsa mata, kuma ta yi don mu. Amma in mutane suna yabonta yau, cewa suke yi, ai ita ce ta koma ta yi jinyar mijinta. Ba mai cewa ita ce ta yi shekara tara a bakin tasha. Wannan yana yi mini ciwo, don ni a bakin tashar na san wace ce uwata.

Malam Na Zaure:
Allah ya jiƙan mahaifinku ya yafe masa. Mahaifiyarku kuma Allah ya sa ku rama mata tun tana raye. Ki riƙe ta da kyau, 'yata.

Hajiya Babba:
Jummai kin sa ni hawaye, jikata ma ta kasa rubutu sai da ta tsaya. Ki gaishe mini da ita. Ki ce wata tsohuwa ta ce sannu da aiki.

'Yar Gwammaja:
Anti Jummai, ki yi haƙuri da tambayata, in ta yi nauyi ki bar ta. Kin taɓa tambayar Umma ko ita tana so ta koma?

Jummai 'Yar Mai Tuwo:
Ban taɓa ba, sai daren jiya bayan na ga tambayarki. Na same ta tana tsince shinkafa a faranti, na zauna na tambaye ta. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce, ranar da aka mayar da auren, ana ta addu'a a zaure ana raba goro, ita abin da yake ranta shi ne wurinta na bakin tasha, kada wata ta kafa tukunya a wurin kafin ta samu wadda za ta riƙe mata. Ta ce sai da ta sa aka yi wa mahaifinmu sharaɗi a gaban kawu cewa ba za ta bar sana'a ba, in bai yarda ba a fasa. Ni ban taɓa sanin an yi wannan sharaɗin ba sai jiya.

Na ba ta labarin Rabi a taƙaice. Ta tambaye ni wane irin abinci take sayarwa, kuma wa yake taya ta. Ta ce in samo littafin in karanta mata, ita ba ta yi boko ba. Akwai mai shi a kusa?

Maman Hanifa:
Nawa yana nan. Bangon baya ya ɗan yage amma duk shafukan suna ciki. Ki aiko yaro gobe bayan la'asar, in kuma kin samu sarari ki zo da kanki mu gaisa. Kada ki yi saurin dawo da shi, ki karanta mata a hankali.